Gashi ko Dahuwar Tukunya? Yadda Za Ka Zaɓi Naman Daji a Bistro na Faransa Lokacin Kaka

Da zarar Oktoba ta kama, baƙin allon da ake rubuta abincin yini a ƙananan gidajen cin abinci na Faransa, waɗanda suke kira bistro, sai ya canza fuska. A sa tsumma a goge tumatir da kayan zafi, a ɗauki alli a jera sunayen namun dawa: chevreuil, biche, lièvre, perdreau, colvert, sanglier. Baƙo kan tsaya yana ta kokawa da sunayen, yana so ya san wanne ne barewa, wanne ne zomo. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Sunan dabbar rabin labari ne. Kalmar da ke kusa da sunan, wadda ke faɗin yadda aka dafa, ita ce za ta gaya maka ko za ka tashi kana lashe baki, ko kuwa ka biya kuɗin abin da ba za ka iya kai wa baka ba.

Farauta a can ba kara zube ake yin ta ba. Kowace gunduma hukuma ke sa mata ranar buɗewa, cikin Satumba, kudu ya riga arewa, a rufe a ƙarshen Fabrairu. Masu lasisin farauta sun kusa miliyan ɗaya. A 'yan shekarun nan suna kashe aladen daji sama da 800,000 a shekara, da chevreuil wajen 600,000. Amma lokacin da kasuwar naman ke ci a bistro gajere ne, daga tsakiyar Oktoba zuwa Disamba. Kuma kada yawan nan ya ruɗe ka: mafi yawan abin da maharbi ya kaso gidansa da gidajen abokansa yake ƙarewa. Kaso mai tsoka na abin da ake sayarwa shigo da shi ake yi, barewar kiwo daga Niyu Zilan, zomo daga Ajantina, sauran daga gabashin Turai. Tsuntsaye kuma, miliyoyinsu a keji ake renon su, a sake su a daji kafin ranar harbi. Don haka tambayar farko ga mai kawo abinci ita ce daga ina naman ya fito, na dawa ne ko na kiwo. Gidan da ya san abin da yake yi zai amsa nan take, har ya ambaci yanki, Sologne ko Beauce ko Alsace.

Akwai tambayar da ta riga wannan, kuma ba a teburin ake warware ta ba. Naman nan ba yankakke ba ne, harbabbe ne, kuma maharbin galibi ba Musulmi ba ne. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda muka tashi a kanta, shi ne abin da aka kashe ta hanyar farauta sai maharbin ya kasance Musulmi, ya kuma yi bisimilla lokacin saki. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta farautar Ahlul Kitabi kamar yadda aka halatta yankansu, kuma a cikin Malikiyyar ma akwai magabatan da suka tafi a kan haka. Sai dai a Faransar yau ba kowane mai bindiga ne za ka rantse Kirista ne ba. Ni ba mai fatawa ba ne. Kowa ya san malaminsa, ya tambaya kafin ya ja kujera. Wanda ya tsaya a kan mashhuri, akwai abin da zai ci a allon, zan zo kansa. Wanda ya ɗauki ɗaya ra'ayin, to aikinsa yanzu ya fara, domin abu uku ne ke ɓoye a girkin naman daji na Faransawa: kitsen alade, giya, da jini.

Girkin iri biyu ne. Akwai na wuta mai sauri, inda za ka ga rôti ko poêlé, wato gashi ko ɗan soyi a kasko. Akwai na tukunya mai jinkiri, inda za ka ga civet, salmis, daube, ko à la royale. Bahaushe da ya saba da farfesu zuciyarsa za ta fi karkata ga na tukunya, don ya san naman daji tauri gare shi, sai ya sha wuta. Nan ne tarkon yake. Civet ba farfesu ba ne. Ana tsoma naman ya kwana cikin jar giyar inabi, a soya shi da albasa da 'yan gutsattsarin naman alade, a dafa shi cikin giyar da ya kwana a ciki, sannan a ƙarshe, bisa asalin girkin, a ɗaure romon da jinin dabbar. Baƙin nan mai sheƙi da kaurin da ke manne wa cokali, daga nan suke. Wasu gidajen yanzu sun bar jinin, suna sa ɗan baƙin cakulan, amma giyar da aladen suna nan daram. Kuma ba abin da za a iya cire maka ba ne, tun jiya aka haɗa tukunyar. Za a ce maka ai giyar ta ƙone a wuta. Tana raguwa, amma ba duka take tafiya ba, kuma ko ta tafi, naman ya riga ya kwana a cikinta.

Gashi kuwa sai ka yi oda ake ɗora shi. Wannan shi ne babban bambancin: abin da ba a dafa ba tukuna, kana da ta cewa a kansa.

Mu fara da masu ƙafa huɗu. Chevreuil 'yar ƙaramar barewa ce, kilo 20 zuwa 25, ta ɗan ɗara gada. Namanta ja ne wur, sumul, ba kitse, ba ƙarni mai yawa. In ka ga noisettes de chevreuil, tsokar gadon baya ce aka yanka dunƙule-dunƙule. Selle gadon bayan ne da ƙashinsa, galibi na mutum biyu. Gigue ko cuissot cinya ce. Cerf kuwa babba ne, namijin kan wuce kilo 150, tamatarsa ita ce biche. Namansa ya fi duhu, zarensa ya fi kauri, ya fi kusa da naman sa. Namijin da aka harba lokacin barbara, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, wari gare shi irin na bunsuru, shi ya sa kukun kirki ya fi son rubuta biche a allonsa. In an ajiye mini su biyun, chevreuil zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba: ita ce aka fi samu ta dawa ta gaske, kuma ɗanɗanonta ya fi laushi. Biche ta fi ƙosarwa, ta fi sauƙin kuɗi, amma ita ce aka fi kawowa daga gonar kiwo, sai ka ci ka rasa bambancinta da naman maraƙi.

Matsala ɗaya da za ka yi da su biyun ita ce dahuwa. Faransawa rosé suke ba da shi, waje ya gasu, ciki na da ja-ja. Mu kuwa nama in bai dahu ba ɗanye ne, magana ta ƙare. Sai dai naman da ba shi da kitse in ka ce a gasa shi ƙurmus, bien cuit, abin da zai zo maka ba kilishi ba ne, fatar takalmi ce mai ɗanɗanon hanta. Matsakaici shi ne à point. Ruwan hodar da ke fita in ka yanka ba jinin jijiya ba ne, ruwan tsoka ne, amma na san ido ba ya jin wannan bayani. In ka san ba za ka iya ba, bar barewa ka koma kan tsuntsu.

Sai miyar da ake zubawa a kai. Biyu ne suka yi suna: poivrade, mai masoro da ruwan tsami da giya, da grand veneur, wadda poivrade ɗin ce aka ƙara mata zaƙin wasu jajayen 'ya'yan itace da kirim, a tsohon girki har da jini. Ka ce sauce à part, a kawo ta gefe, ko a bar ta gaba ɗaya. Ka kuma tambaya ko an jiƙa naman, mariné, domin wasu har tsokar gashi sukan kwantar a giya. Ba za ka yi asarar komai ba. Abin da ke kewaye da naman ma ya ishe shi ado: marrons, wasu 'ya'yan itace da aka niƙa, masu gari da ɗan zaƙi kamar gurjiyar da ta haɗu da dankalin Hausa, saiwar seleri da aka tuƙa da man shanu, naman kaza irin su cèpes da girolles, wani lokaci da dafaffen coing, wani ɗan itace mai ƙamshi. Zaƙi kusa da nama baƙon abu ne a harshenmu. Loma ta farko za ka yamutsa fuska, ta uku sai ka fahimci dalili: shi ke kwantar da gafin naman.

Sanglier aladen daji ne, ɗan'uwan gadu. Marcassin ɗansa ne. Ba sai na ƙara komai ba, sai dai ka riƙe sunan na biyu, don shi ne wanda baƙi ba sa ganewa.

Zomo shi ne abin takaicin. Halal ne sarai, hadisin Anas a kansa sananne ne, kuma lièvre na Faransa ba zomon gida ba ne, ƙato ne mai kilo uku zuwa biyar, baƙin nama, ƙamshin dawa sosai. Amma abin da Faransawa suka fi alfahari da shi a duk girkin kaka, lièvre à la royale, shi ne ya tara duk abin da muke gudu a faranti ɗaya. Iri biyu ne, kuma har yau ana musu a kansu kamar musun ƙwallo. Na farko, a zare ƙashin zomon gaba ɗaya, a cusa masa niƙaƙƙen nama da hantar agwagwar da aka yi wa ɗura da truffe, wani baƙin naman kaza mai ɗan karen tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, a naɗe shi kamar tabarma, a dafa, a yanka fai-fai. Na biyu na wani sanata ne daga yankin Poitou, Aristide Couteaux, wanda ya buga yadda ake yin sa a jaridar Le Temps a 1898: zomo da tafarnuwa da ƙananan albasa barkatai, a dafa cikin jar giya sa'o'i da yawa har ya narke, a ci da cokali, wuƙa ba ta da aiki. Duka biyun da jini ake ɗaure miyarsu, duka biyun da kitsen alade. Har gasar duniya ake yi a kansa a garin Romorantin. Shi ne mafi tsada a allon, sau da yawa da ƙarin kuɗi a kan farashin da aka ƙayyade, supplément. Na ga an wuce da shi teburin kusa da ni, baƙi ƙirin, yana ƙyalli kamar kwalta da rana, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Na bi shi da kallo, iyakata ke nan. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wannan kam da kuku ya kamata ya yi fushi. Ƙofa ɗaya da ta rage ita ce râble de lièvre rôti, gadon baya gasasshe. Ba kullum ake samu ba, kuma shi ma sai ka tambaya, don akan soka masa zaren kitse da allura kafin ya shiga wuta.

Wannan ya kawo ni kan tsuntsaye, inda na taɓa shan kunya. Karo na farko da na yi odar perdreau rôti a wani ɗan bistro a Faris, an kawo shi ɗungum, ya yi ja, an ɗaure da zare, a ƙirjinsa akwai wani ɓawo siriri mai ƙaras-ƙaras. Na ɗauka fata ce. Har na sa cokali mai yatsu, sai abokin tafiyata, mutumin Damagaram da ya taɓa wanke-wanke a irin kicin ɗin nan yana ɗalibi, ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Malam, dakata. Fakara ba ta da fata haka." Barde ce, wato fallen kitsen alade da ake lulluɓe ƙirjin tsuntsu da shi don kada ya bushe a tanda. Ba a rubuta ta a allo, don a wurinsu ba kayan haɗi ba ne, dabara ce kawai, kamar yadda mai tsire ba zai ce maka ya shafa mai ba. A ƙarƙashin tsuntsun kuma akwai yankan burodi soyayye da aka shafe da hantarsa, ita ma an ɗiga mata barasa mai ƙarfi. Na biya kuɗin, na ci burodin kwando da cuku. Tun ranar na haddace: sans barde, sans lard, au beurre. Ba kitsen alade, a yi da man shanu. Yawancin kukun za su yi maka, in ba lokacin cunkoso ba ne, musamman in ka faɗa tun da ka kira waya neman teburi.

In an kauce wa wannan, perdreau ne abin da zan fara miƙa wa Bahaushen da bai taɓa ci ba. Fakara ce, ko makwarwa in ka ga dama, 'yar bana. Namanta fari-fari ne, ana gasa ta ta dahu sosai ba tare da ta lalace ba, kuma ɗanɗanon bai yi nisa da zabo ba, sai dai ya fi shi laushi. Ka lura da sunan. Perdreau matashiya ce, perdrix tsohuwa. Faransawa na da karin magana cewa ranar Waliyyi Rémi, 1 ga Oktoba, duk perdreau ya zama perdrix, ko da yake allon bistro ba ya bin wannan lissafi. Abin da ya shafe ka shi ne tsohuwar ba ta gasuwa, sai a dafa ta da kabeji, perdrix au chou, kuma kabejin nan da naman alade da tsiran alade yake dahuwa. Akwai mai toka-toka, grise, da mai jan baki da jan ƙafa, rouge. Masana sun fi yaba wa mai tokar.

Faisan, mai dogon wutsiyar nan, ya fi kyau a ido fiye da a baki. Da yawansu sakakku ne daga keji, namansu kan bushe, sai ka ce zakaran da ya sha gudu. Macen, poule faisane, ta fi taushi. Daga sunansa aka samo kalmar faisandé, wato a rataye tsuntsu da gashinsa kwanaki har ya fara tashi. Mutanen da sukan bari har ciki ya yi kore. Yanzu 'yan kwanaki ne a ɗakin sanyi. Colvert agwagwar ruwa ce mai koren kai, jan nama, mai daɗi ƙwarai in ƙarama ce, amma ƙirjinta ja-ja ake ba da shi fiye ma da barewa. Kada ka haɗa ta da canard au sang ko à la rouennaise: waccan agwagwar kiwo ce da ake maƙurewa don jinin ya zauna a jiki.

Palombe babbar hasbiya ce da ke ƙetare duwatsun Pyrénées cikin Oktoba zuwa Sifen, kuma a kudu maso yamma mutane har hutun aiki suke ɗauka don ita. Gasassa tana da daɗi, mai ƙarfi, da ɗan ɗanɗanon hanta. Amma girkinta biyu da suka yi suna ba namu ba ne: salmis, mai jar giya da naman alade busasshe, da au capucin, inda ake narka kitsen alade a cikin wani mazurarin ƙarfe da ya yi ja a wuta, yana zuba a kan tsuntsun yana ci bal-bal. Grouse kuwa baƙuwa ce daga Sukotlan, inda ake buɗe harbinta ranar 12 ga Agusta, shi ya sa take riga kowa bayyana a allon Faris. Ɗaci gare ta a cinya, da bauri irin na ciyawar da take ci. Masoyanta ba sa haɗa ta da komai. Ni dai ba zan ba baƙo ita a zaman farko ba. In kuma wani ya raɗa maka yana da tsuntsayen nan bécasse ko ortolan, tashi ka bar wurin: ta farko doka ta hana sayar da ita, na biyu an haramta kama shi tun 1999.

Abin buɗe baki, entrée, shi ne inda aka fi faɗawa. Terrine de chevreuil, pâté de lièvre, terrine de faisan, sunayen duk na halal ne, amma naman daji ba shi da kitsen da zai riƙe kansa, don haka kusan kullum da niƙaƙƙen alade ake haɗa shi, wani lokaci aladen ma ya fi yawa. Tsallake su. Miyar kabewa ko ta marrons ta fi, bayan ka tabbatar ba a watsa mata lardons, wato 'yan gutsattsarin naman alade, a kai ba.

Ka tauna tsuntsu a hankali. Wata rana ina cin colvert na ji ƙaras a turmin haƙori, na tofo a hannu, ɗan ƙwallo ne bai kai ƙwayar dawa ba, na ajiye shi a gefen faranti ya yi ƙara. Mai kawo abincin ya yi murmushi, wai ga shaida nan ba daga keji ta fito ba. Tun Fabrairun 2023 an hana harsashin dalma a wuraren dausayi a duk Tarayyar Turai, amma a sauran daji ana amfani da shi. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta ba da shawara a 2018 cewa manyan namun daji, barewa da ire-irenta, a riƙa cin su jefi-jefi, kamar sau uku a shekara, yara da mata masu ciki ko masu shekarun haihuwa kuma su bar shi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon wa'azi, ko da yake faranti ɗaya a shekara ba abin kwatantawa da wancan ba ne. In da uwargida da yara aka fito, a yi musu odar wani abu dabam.

Wannan wani abu dabam ɗin shi ne kuma rabon wanda ya tsaya a kan mashhurin mazhaba, kuma ba rabon banza ba ne. Ranar 1 ga Oktoba ake buɗe kamun coquilles Saint-Jacques, wani naman ƙumba na teku, fari, mai zaƙi, wanda minti biyu a kasko ya ishe shi. Lokacinsa ɗaya da na naman daji, allo ɗaya suke hawa. Faranti na cèpes da aka soya da tafarnuwa da faski, ko wainar ƙwai da naman kaza, kaka ce sosai a baki, ba tare da an harbi kowa ba. Nan ma tambayar ba ta canza ba, don farar giya kan shiga miyar kifi.

In kai kaɗai ne kuma karo na farko, perdreau rôti, ba barde, ba burodin ƙasa. In ku biyu ne kuma aljihu da nauyi, selle de chevreuil, à point, miya a gefe, da marrons. In ka riga ka saba, kana son abin da ke da ƙamshin dawa na haƙiƙa, nemi râble de lièvre ko palombe gasassa a cikin Nuwamba, lokacin da sanyi ya fara cizo. Ka kira tun da rana, wajen ƙarfe uku, bayan an sallami masu cin rana kuma kuku ya samu sararin zuwa waya. Tambayarka uku ce, ka yi su a jere: du porc, du vin, du sang? Wato akwai alade, akwai giya, akwai jini? In ka ji an yi jim, an ce bari a tambayo, kada ka kashe wayar, jira a dawo maka da amsa.